Gilashin taga mai gas a tsakani: yana rage kuɗin wuta kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina gini a Kano, aiki ya kai wajen tagogi. Mai sayar da gilashi ya nuna mini wani mai ruɓi biyu, ya ce an ɗura gas a tsakani, wai yana hana zafi shiga, AC ya samu hutu. Tsadarsa ta fi ta wanda aka saba nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, ko daɗin bakin 'yan kasuwa? Kuma gas ɗin ba ya kama wuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a kammala lafiya. Batun wuta dai ka kwantar da hankalinka. Gas ɗin da aka fi ɗurawa shi ne argon, wanda masu walda ke amfani da shi. Ba ya ci da wuta, ba shi da wari, kuma kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da kake shaƙa yanzu haka shi ne. Ko gilashin ya fashe, tarkacen ne abin tsoro.

Mai kayan bai yi maka ƙarya ba, amma bai faɗa maka duka ba. Argon bai kai iska saurin isar da zafi ba, shi ya sa ake cika ratar da ke tsakanin gilasan biyu da shi, ratar da yawanci take milimita 12 zuwa 16. Akwai ma'aunin da ake kira U, wanda ke nuna yawan zafin da ke ratsa gilashi, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Gilashi falle ɗaya yana wajen 5.8. Mai ruɓi biyu da iska zalla a tsakani yana wajen 2.8. Ka musanya iskar da argon, da ƙyar ya sauko 2.6. Abin da ke kai shi wajen 1.1 shi ne idan an haɗa gas ɗin da wani siririn shafe na ƙarfe a jikin gilashin, wanda ido ba ya gani, ana ce masa Low-E. Ka ga ke nan gas ɗin ɗan rakiya ne.

Sannan wannan taga 'yar ƙasashen sanyi ce. A Ingila ko Kanada damuwarsu kada ɗumin ɗaki ya tsere waje cikin hunturu. Mu kuwa rana ce ke dukanmu, kuma gas ba ya tare hasken rana. Mu yi lissafi. A watan Afrilu waje yana digiri 40, ɗakinka yana 25. Zafin da zai ratso gilashi falle ɗaya saboda wannan bambanci bai kai wat 100 ba a kowace murabba'in mita. Amma idan tagar tana kallon yamma, da la'asar rana na iya zubo maka kusan wat 500 ta wannan murabba'in mita ɗin, don gilashi garau yana barin fiye da kashi 80 cikin 100 na zafinta ya wuce. Taga mai murabba'in mita biyu ke nan tamkar an jona dutsen guga an ajiye maka a falo.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa mai kayan ita ce: nawa ne lambar SHGC, wato kason zafin rana da gilashin ke bari ya shiga? Ka nemi 0.4 ko ƙasa da haka, kuma a takardar masana'anta, ba da baki ba. Gas ɗin ma ba ganinsa za ka yi ba, takardar ce kawai shaidarka.

Kada ka manta da firam. Gobe da la'asar ka ɗora hannu a kan firam ɗin alminiyum na tagar da rana ke duka, za ka janye da sauri. In ba a raba cikinsa da wajensa da wani abu mai hana zafi wucewa ba, ta nan zafin zai kewaye gilashinka mai tsada ya shigo. Haka tagogin nan masu zamewa da suka cika gari: ƙurar da kake sharewa a bakinsu lokacin hunturu, ta inda ta shigo ta nan sanyin AC ke fita.

Ƙa'idar Turai ta ce kada yoyon gas ya wuce kashi 1 cikin 100 a shekara, amma wannan sai liƙin gefen ya yi kyau. Ranar da ka ga raɓa ko hazo a tsakanin gilasan, inda tsumma ba ya kaiwa, liƙi ya buɗe, gas ya tafi. Kuma ba a yanka irin wannan gilashi a wurin gini, don haka a auna tagogin da kyau kafin a ba da oda.

Ni a ganina, in kana layin Band A, wanda aka ƙara wa kuɗin wuta sosai a Afrilun 2024, ko kana ƙona dizal AC na aiki yini guda, sa wannan gilashi a ɗakunan yamma da gabas, mai Low-E, cikin firam mai rufewa ruf. Zai rage maka hayaniyar titi ma. In kuwa fanka ce abin dogaronka kuma tagogi a buɗe suke kwana, kai kuɗin wajen shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, ka yi wa tagogin yamma rumfa, ka dasa darbejiya a wannan ɓangaren tun kafin a zo fenti.