Amsa ga ɗan'uwan da ke son fara hawan keken titi don motsa jiki

Assalamu alaikum, Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce shekarunka sun haura arba'in, aikinka na zama ne, likita ya ba ka shawarar motsa jiki, amma gudu yana tayar maka da ciwon gwiwa, shi ya sa kake son komawa ga keken titi, kana neman a faɗa maka irin keken da za ka saya, da kayan da suka zama dole, da yadda za ka tsara atisaye. Na daɗe ina hawa, kuma na raka mutane da dama a farkon hawansu. Abin da na lura shi ne, waɗanda suka jingine keke bayan wata biyu yawanci abu biyu ne ya kore su: ko dai keken bai dace da jikinsu ba, ko kuma sun fara da ƙarfin da jiki ba zai iya jurewa ba. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

Zaɓin da ka yi mai kyau ne ga mai larurar gwiwa, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, ƙafa ba ta dukan ƙasa kamar yadda take yi a gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma keke yana cikin hanyoyi mafi sauƙi na cika wannan adadi ba tare da gundura ba. Sai dai tunda da maganar likita ka shigo, idan kana da hawan jini ko ciwon suga ko wata matsalar zuciya, ka koma ka shaida masa cewa keke ka zaɓa, ya faɗa maka iyakar da za ka tsaya.

Kekunan titi girma-girma ake ƙera su kamar takalmi, kuma wanda bai yi maka daidai ba ba zai taɓa yi maka daɗi ba komai tsadarsa. Za ka ga ana rubuta lambobi irin su 52, 54, 56 da 58, ko kuma haruffan S, M da L. Mai tsawon santimita 175 galibi lamba 54 ce ke yi masa daidai, amma kamfanoni sun bambanta wajen awo, don haka ka duba jadawalin kamfanin da ya ƙera keken, sannan ka hau ka gwada kafin ka biya. Idan ka riƙe kan keken ka ji kana miƙewa har kafaɗunka suna ɗagowa kusa da kunne, ya yi maka tsawo, kuma wuyanka da bayanka ne za su biya bashin. Haka nan akwai keken da aka ƙera don tsere, wanda kansa ke ƙasa sosai har sai mahayi ya duƙa, akwai kuma wanda aka ƙera don doguwar tafiya, mai ɗan ɗagaggen kai. Na biyun nake ba ka shawara ba tare da wata tantama ba.

Kada maganar nauyin keke ta ɗauke maka hankali. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta wa 'yan tsere hawan keken da bai kai kilo 6.8 ba, kuma masu sayarwa suna son su sa ka ji cewa kusantar wannan lamba shi ne cin nasara. Keken alminiyam mai kilo 9 zuwa 11 ya ishe ka shekaru, kuma bambancin kilo biyu ba komai ba ne idan aka haɗa shi da nauyin mahayin. Idan na hannu za ka saya, ka tafi da wanda ya san keke, ku duba wuraren walda ko akwai tsaga, ku juya ƙafafun ku ga ko suna lilo. Ni ina gudun keken da aka ƙera da kabon (carbon) idan na hannu ne, saboda tsagarsa tana iya ɓuya a ƙarƙashin fenti.

Abin da ya cancanci ka kula da shi shi ne giya da taya. Ka nemi keke mai farantin kaca biyu a gaba, mai haƙora 50 da 34, a baya kuma babbar giyar ta kai haƙora 32 ko 34, domin ita ce za ta ba ka damar hawa tudu a zaune ba tare da ka murƙushe gwiwarka ba. Kayan giya na kamfanin Shimano irin su Claris, Sora da Tiagra duk suna aiki lafiya lau, ba sai ka kai ga samfurin 105 da ya fi su tsada ba. Taya kuwa, ka zaɓi mai faɗin milimita 28 zuwa 32. A da an ɗauka siririyar taya mai milimita 23 da aka cika da iska ta yi tauri ita ce mafi gudu, amma yanzu manyan 'yan tsere ma sun koma masu faɗi, saboda suna shanye girgizar titi kuma suna riƙe ƙasa da kyau. Mutum matsakaicin nauyi a kan taya mai milimita 28 yana buƙatar iska tsakanin 60 da 80 a ma'aunin psi, shi ya sa famfo mai agogo yake da amfani, domin matsa taya da yatsa ba ya faɗin gaskiya.

Daidaita tsawon sirdi shi ne aikin da ya fi shafar gwiwarka, kuma minti goma ya isa a yi shi. Ka jingina da bango kana zaune a kan keken, sanye da takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka mayar da feda ɗaya can ƙasa, ka ɗora dunduniyarka a kanta. Ya kamata ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata gefe ba. Idan gwiwa ta lanƙwashe, ka ɗaga sirdin. Idan dunduniya ba ta kai fedar ba sai ka karkace, ka sauke shi. Da zarar ka mayar da tudun tafin ƙafarka kan feda, inda ake tuƙi da shi, za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kuma haka ake so. Akwai kuma lissafin da aka fi sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe gasar Tour de France a 1986, 1989 da 1990: ka auna tsawon ƙafarka daga matsematsi zuwa ƙasa, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar sandar da fedoji ke juyawa a kanta da saman sirdi. Duka hanyoyin biyu mafari ne kawai, jikinka ne zai ƙarasa maka bayani. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alama ce ta sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta kuma alama ce ta ya yi sama. Ka riƙa gyarawa da milimita uku zuwa biyar a lokaci guda, ka manna ɗan tef a sandar sirdin domin ka san inda ka tsaya, kuma ka bar sirdin a miƙe, hancinsa bai kalli sama ko ƙasa ba.

A cikin kaya, hular kwano ce kaɗai ba na yin sassauci a kanta. Ka duba cikinta ka ga tambarin shaidar inganci na EN 1078 ko CPSC, ta zauna daidai a goshi, kimanin yatsu biyu sama da gira, kuma duk ranar da ta bugi ƙasa da ƙarfi a canza ta ko da ba a ga tsaga ba, domin soson cikinta sau ɗaya yake aiki. Bayan ita sai gajeren wandon keke mai soso a ƙasa, wanda ake sakawa ba tare da wani wando a ciki ba saboda ɗinki yana goge fata, kuma ana wanke shi bayan kowace fita. Mai jin nauyin fita da matsattsen wando yana iya ɗora sakakke a kansa. A makonni biyu na farko za ka ji zafin zama, wannan kowa yana ji kuma yana wucewa, amma idan ka ji gabanka yana mutuwa, wannan ba abin haƙuri ba ne, sirdin ne ke buƙatar gyara ko canji. Ka ƙara da safar hannu, da gorar ruwa, da fitila fara a gaba da ja a baya, waɗanda nake kunnawa ko da rana. Takalmin da ke maƙalewa a feda da na'urar auna ƙarfi duk su jira sai hawan ya zauna maka.

Ka koyi canza tiyub a gida tun kafin buƙata ta taso a hanya, ka kuma riƙa tafiya da tiyub guda, da 'yan ƙarafan ɓare taya, da ƙaramin famfo. Bayan ka zare tsohon tiyub, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka zagayo, domin ƙayar ko ɓarɓashin kwalbar da ya huda na farko sau da yawa yana nan a soke, yana jiran na biyu.

Game da atisaye, ka fara da fita uku a mako, kowace minti 30 zuwa 45, a shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso, da ranar hutu a tsakani. Ma'aunin ƙarfin da za ka yi amfani da shi shi ne numfashinka: idan kana iya yin magana da cikakkiyar jimla kana tuƙi, kana daidai, idan kalma biyu kake fitarwa sai haki ya katse ka, ka rage. Na san za ka ji kamar ba ka yin komai, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata, suna ganin atisayen da bai galabaitar da su ba ba atisaye ba ne. Stephen Seiler, masanin kimiyyar motsa jiki da ke koyarwa a Norway, ya nazarci yadda zakarun wasannin juriya suke horo, ya gano kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a sassauƙan mataki suke yin sa. A irin wannan tafiyar ce zuciya ke ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka, jiki kuma yana ƙwarewa wajen ƙona kitse. Idan zakaru suna tafiya a sannu mafi yawan lokaci, babu dalilin da zai sa mai farawa ya riƙa kashe kansa kullum.

Ka kuma saba da giya mai sauƙi da saurin juya feda, wajen juyi 80 zuwa 90 a minti. Ba ka buƙatar na'ura don sanin haka: ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ta ɗago cikin daƙiƙa 15, idan ka samu 20 zuwa 22 kana kan hanya. Masu farawa suna son giya mai nauyi domin tana sa su ji suna aiki, alhali ita ce ke tara matsi a ƙoƙon gwiwa. Ka sauya giya tun kafin ka shiga tudu, kada ka bari sai kaca ta ɗaure.

Kowane mako ka ƙara lokacin hawanka da kimanin kashi goma cikin ɗari, mafi yawan ƙarin a fitar ƙarshen mako, sannan a mako na huɗu ka rage domin jiki ya murmure, tunda a lokacin hutu da barci ne ƙarfin yake ginuwa. Bayan wata biyu, idan kana yin awa ɗaya da rabi ba tare da wahala ba, sai ka ware rana ɗaya ta matsa lamba: bayan ɗumama jiki na minti 15, ka yi minti uku da ƙarfi, minti uku a sannu, sau huɗu. Rana ɗaya a mako ta wadatar. Ka haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, irin tsugunawa da tashi da na ƙarfafa ciki da baya, domin keke ba ya ƙarfafa ƙashi yadda tafiyar ƙafa da ɗaga nauyi suke yi, kuma wannan yana da muhimmanci ga wanda ya haura arba'in.

Ruwa kuwa, gora ɗaya mai rabin lita zuwa mililita 750 a kowace awa, ka ƙara idan ana zafi, kana kurɓa kaɗan-kaɗan. Fitar da ba ta kai awa ɗaya ba ba ta buƙatar abinci, amma idan za ta wuce minti 90 ka riƙe ayaba ko wani abu mai sitaci, domin sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta yana ƙarewa, kuma idan ya ƙare za ka ji ƙafa ta mutu, kai yana juyawa. Idan rage ƙiba na cikin burinka, ka lura da yunwar da ke biyo bayan hawa, domin tana iya mayar da duk abin da ka ƙona.

A kan titi, abin da na fi jin tsoro shi ne babbar mota a mahaɗar hanya. Kada ka taɓa shiga tsakaninta da gefen titi, domin direban ba ya ganinka, kuma idan ta karya kwana ƙafafun baya suna yanko ciki. Ka bar tazarar mita ɗaya tsakaninka da motocin da ke ajiye saboda ƙofar da za a iya buɗewa ba zato, ka tafi a miƙe yadda direbobi za su iya hasashen inda ka nufa, ka nuna hannu kafin ka juya, kuma ka bar abin sauraren kunne a gida. Birkin gaba shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, saboda haka ka samu fili marar motoci ka koyi matsa birki biyu tare kana tura jikinka baya. Duk lokacin da ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashin da bai yi daidai da ƙarfin da kake yi ba, ka tsaya nan take ka nemi likita.

Idan ka turo tsawonka da awon ƙafarka daga matsematsi zuwa ƙasa, da sunayen kekunan da kake dubawa, zan taya ka duba lambar da ta fi dacewa da kai da tsawon sirdin da za ka fara da shi. Allah ya ƙara lafiya.