Tambayoyinku: Takobin Turawa, kwagiri da kokawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Satin nan saƙonni huɗu na ware saboda duk abu ɗaya ya haɗa su, wato wasan da ake kira HEMA wanda mutanenmu da ke karatu ko aiki a Turai suka fara shiga. Ga wanda bai sani ba, dabarun faɗan Turawan da ne ake tonowa daga tsofaffin littattafai a sake koyonsu, mafi tsufa an rubuta shi wajajen 1300 yana ajiye a birnin Lids na Ingila. Akwai na takobi, akwai na sanda, akwai na kokawa hannu da hannu. Motsa jiki ne mai kyau kuma ni ina goyon bayansa, amma fa abu guda zan ta nanatawa, takobin da ba kaifi shima yana karya ƙashi.

Tambaya: Likita ni ɗalibi ne a Folan, ina koyon takobi mai lanƙwasa ɗin nan irin na mahaya doki. An buge ni a ɗan yatsa kwana uku kenan, ya kumbura kuma kan yatsan ya langaɓe na kasa miƙe shi. Abokina yace targaɗe ne bari ya ja min.

Ƙanina dan Allah kar ka bari kowa ya ja maka yatsan nan. Kan yatsa ya langaɓe ka kasa miƙe shi da kanka, galibi jijiyar da ke miƙe shi ce ta tsinke, wani lokacin ma ta ɓallo ɗan guntun ƙashi ta tafi da shi, kaga ja ba abinda zai ƙara sai ɓarna. In da zobe a yatsan cire shi yanzu, ka je asibiti a ɗau hoton ƙashi. Yawanci ɗan ƙarfen ɗori ake sawa ya riƙe kan yatsan a miƙe sati 6 zuwa 8 dare da rana, kuma in ka bari ya lanƙwashe ko sau ɗaya a tsakani to lissafi ya koma farko, nan ne mutane suke faɗuwa. Takobin atisaye ƙarfe ne da ya kai wajen giram 700 zuwa 900, safar hannu ta sanyi ko ta babur bata isa ba, ka nemi mai tauri wadda aka yi don wasan musamman wajen babban yatsa.

Tambaya: Ina Landan. Ranar Asabar an sauke min takobi a tsakar ka, ina sanye da hular raga, na ga wani walƙiya amma na cigaba har muka tashi. Tun ranar kaina ke ciwo, haske na damuna, karatu baya shiga. Akwai gasa sati mai zuwa kuma na riga na biya kuɗi.

Ɗan'uwa wannan saƙon naka shi yafi tsaya min a rai. Abinda ka bayyana alamun girgizar ƙwaƙwalwa ne, kuma ba sai mutum ya suma ba ake samunta, mafi yawan masu ita basa suma ko kaɗan. Hular ragar nan an yi ta ne don hana tsini shiga ido da fuska da maƙogwaro, kuma da jini aka koyi darasin, a 1982 a birnin Rum ana gasar duniya ta wasan takobin zamani takobi ya karye ya huda hular zakaran Tarayyar Sobiyet Vladimir Smirnov ta wajen ido, bayan kwana 9 ya rasu, daga nan aka ƙara ingancin ƙarfe da kayan kariya. To amma duk ƙarfin hula ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a cikin ƙoƙon kai, in kai ya fizgu da ƙarfi sai ta girgiza a ciki, raga bata da yadda zata yi da wannan.

Ka ga likita yau ko gobe. In kuma ciwon kan na ƙaruwa, ko kana amai akai akai, ko barci na rinjayarka da wuya a tashe ka, ko magana ta harɗe, hannu ko ƙafa ya mutu, ganinka ya rabu biyu, wuya na ciwo sosai ko jijjiga ta zo, to ba jira, a kira 999, lambar agajin gaggawa ta Birtaniya, nan take. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko ka huta ka rage kallon waya da kwamfuta, kar ka tuƙa mota, Panadol ya isa, ka guji asfirin da ibufurofen a farkon nan. Bayan haka ka fara tafiya a hankali kana ƙarawa muddin ciwon bai taso ba.

Batun gasa kuwa gaskiya ka haƙura da kuɗin nan. Ƙa'idar da aka fitar a Birtaniya a 2023 ga masu wasannin sa kai tace ba komawa gasa kafin kwana 21 da buguwar, kuma sai an yi kwana 14 ba alamar ciwo kafin a koma atisayen da ake bugun juna. Duka na biyu akan ƙwaƙwalwar da bata warke ba shine abin tsoro. Kuma ka faɗa wa malaminku, na san samari akwai jin kunyar a ce sun yi raki, amma shima yana buƙatar sani don ya ja kunnen mai dukan ya rage ƙarfi.

Tambaya: Shekarata 58, ɗan Maraɗi ne ina zaune a Faransa, ina shan maganin hawan jini. Ina sha'awar wasan sanda na Faransawa, ya halatta gare ni?

Baba ya halatta har ma ina ƙarfafa maka gwiwa. Sandar gasar tasu mara nauyi ce, tsawonta santimita 95, ba kamar kwagirin da Pierre Vigny ya koyar da kare kai da shi a Landan wajajen 1900 ba. Ka auna jinin kafin ka fara, in ya kai 180 bisa 110 a dakata sai likitanka ya daidaita shi. Ka fara da koyon taku da juya sanda, durƙuson nan mai zurfi a bi shi sannu saboda gwiwa. In kana shan maganin tsinka jini ka faɗa musu kar a sa ka karawa. Ciwon ƙirji, haki fiye da kima ko jiri, ka tsaya a take a duba ka.

Tambaya: Ni mace ce a Jamus ina koyon kokawarsu ta da mai suna Ringen a ajin mata. Wani tabo zagayayye mai ƙaiƙayi ya fito min a hannu, sannan ni AS ce, wato ina ɗauke da ƙwayar gadon sikila, akwai matsala?

'Yar'uwa wannan da alama makero ne, ana ɗaukarsa a jikin abokin kokawa ko a katifar da ake faɗawa. Ki nuna a kemis su baki man shafawa na kashe shi ki shafa sati 2 zuwa 4, ki cigaba ko kin ga ya baje, kuma kar ki sa mai ɗauke da sitiroyid irin man bilicin don yana ɓoye shi ne ya ƙara yaɗuwa. In a fatar kai ne sai da ƙwaya daga likita. In kuwa ƙuraje ne masu ruwa da zafi wannan wata cuta ce daban, ki je asibiti. Ki dakata da kokawa har a ce ya daina yaɗuwa, tawul ɗinki naki ke kaɗai, kaya a wanke duk bayan atisaye.

AS bata hana wasa. Inda ake samun matsala shine wahalar da ta wuce kima a cikin zafi ga ƙishirwa, don haka ki sha ruwa sosai, ki riƙa hutawa tsakanin zagaye, ranar da kike zazzaɓi ki zauna a gida, da azumi kuma ki maida atisaye bayan shan ruwa. In tsokar ƙafa ko baya ta kama ciwo ƙarfi ya ƙwace miki farat ɗaya, ko fitsari ya koma kalar shayi, ki tafi asibiti a ranar ki gaya musu ke AS ce.