Tambayarku, Amsarmu: Farin Ƙanzon da Ke Cinye Butar Lantarki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwar gida ce a birnin Sakkwato. Tun da muka koma sabon gida, inda famfonmu yake jan ruwa daga rijiyar burtsatse, butar lantarki biyu da hita ɗaya sun ƙone a hannuna. Duk wadda na leƙa cikinta sai na tarar da wani farin ƙanzo mai tauri ya manne a gindinta. Dutsen guga yana tofar da farin gari a kan tufafi, sabulu kuma ba ya yin kumfa yadda na saba gani. Maigida yana cewa hawa da saukar wutar lantarki ne, ni kuwa ina zargin ruwan. Na gwada alif, ban ga canji ba. Shin wa ke da gaskiya, kuma akwai haɗari a shan wannan ruwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hawa da saukar wuta yana ƙona kaya, wannan ba a musun sa, amma wuta ba ta barin farin ƙanzo a gindin buta, ba ta kuma hana sabulu kumfa. Alamomin da kika lissafa duka na ruwa mai zartsi ne, wato ruwan da sinadaran kalsiyam da magniziyam suka narke a cikinsa da yawa.

Asalin abin yana ƙarƙashin ƙasa. Ruwan sama idan ya nutse yakan ɗauki iskar kabon daga sama da kuma cikin ƙasa, sai ya sami ɗan tsami wanda harshe ba ya ji, amma wanda ya isa ya riƙa narkar da dutsen farar ƙasa a hankali duk inda ya ratsa ta cikinsa. Yankin Sakkwato kuwa yana da arzikin irin wannan dutse. Shi ne dalilin kafa masana'antar siminti a Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967, kuma irin dutsen ne ake haƙa a Malbaza ta jihar Tawa a Nijar. Saboda haka ba abin mamaki ba ne rijiyar da ta ratsa wannan shimfiɗa ta ba da ruwa mai zartsi, alhali wata rijiyar da ta fi ta zurfi ko ta gaza ta, ko da a unguwa ɗaya suke, ta ba da ruwa mai daɗi. Ruwan kogi da na madatsa galibi bai kai na rijiya zartsi ba.

Muddin ruwan yana da sanyi, sinadarin yana nan a narke, ido ba ya ganin sa. Da zarar ya ɗauki zafi sai iskar kabon ta fice, kalsiyam ɗin ya koma dutse kamar yadda yake tun farko, ya manne a wurin da ya fi ko'ina zafi, wato jikin ƙarfen da ke dafa ruwan. A nan ne ɓarnar take, kuma ina so ki lura da ita sosai. An ƙera wannan ƙarfe ne domin ya miƙa zafinsa ga ruwa nan take, ruwan kuma shi ne ke sanyaya shi. Idan ƙanzo ya lulluɓe shi, zafin ba ya samun hanyar fita da sauri, sai ruwa ya daɗe bai tafasa ba, kuɗin wuta ya ƙaru, ƙarfen kuma ya yi ta ɗaukar zafin da ya wuce ƙarfinsa har wata rana wayar da ke cikinsa ta tsinke. Haka butocinki da hitarki suka mutu, kuma idan kika sayi sabuwa ba tare da kin canza komai ba, ita ma hanyar da za ta bi ke nan. Abin da yake faruwa a buta shi ne yake faruwa a cikin tankin dumama ruwan wanka, da injin wanki mai dumama ruwa, da ƙananan ramukan dutsen guga da na kan shawa.

Alif bai yi miki amfani ba domin ba aikinsa ba ne. Shi yana tattara laka da ƙurar da ke yawo a ruwa ne ya kwantar da su, ba ya taɓa abin da ya riga ya narke. Maganin ƙanzo tsami ne, kuma yana da araha ƙwarai. Ki zuba farin binega da ruwa daidai wa daida a cikin butar har su rufe ƙanzon, ki tafasa, ki kashe, ki bar shi kamar awa ɗaya, sannan ki zubar ki ɗauraye sau biyu ko uku. Idan babu binega, ruwan lemun tsami da aka tace yana yin aikin, ko da yake zai iya bukatar maimaitawa. A irin ruwanku, na fi son ki riƙa yin haka duk wata, tun ƙanzon yana siriri, maimakon ki jira ya yi kauri. Kada ki kankare shi da wuƙa, kada ki yi amfani da asid na batir ko na wanke ban-ɗaki, kuma kada ki taɓa haɗa binega da ruwan bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Dutsen guga kuwa a daina ba shi ruwan famfo gaba ɗaya; ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace ya fi masa. Tankin ruwan wanka a saita shi kusa da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, domin daga nan zuwa sama ƙanzo yana taruwa da sauri, sannan a kira mai gyara ya buɗe ya wanke shi sau ɗaya a shekara. Wajen wanki, garin omo ya fi sabulun sanda dacewa da wannan ruwa, saboda sabulu yana haɗuwa da kalsiyam ya zama dauɗar da ke manne wa tufafi da bokiti. Wataƙila ma kin lura wake yana daɗewa bai nuna ba a sabon gidan; kalsiyam ɗin ne ke ƙara masa tauri, shi ya sa ɗan kanwa take sassauta shi.

Game da sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya wa wannan nau'in zartsi iyaka saboda lafiya ba, domin kalsiyam da magniziyam abubuwa ne da jiki yake bukata. Abin da ta ambata shi ne cewa ruwan da zartsinsa ya haura kimanin miligiram 200 a kowace lita yakan tara ƙanzo a bututu da tukwane. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya kuma ta tsaya a miligiram 150. Sai dai ina roƙon ku da ku kai ruwan ɗakin gwaji, domin Bahaushe yana kiran ruwa mai gishiri da ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe duka da sunan zartsi, kuma gwaji ne kaɗai zai nuna ko akwai wani abu dabam, kamar ƙwayoyin cuta daga masai da ke kusa da rijiyar.

Idan sakamakon ya nuna zartsin ya yi yawa ƙwarai, akwai na'urar da ake haɗawa a bakin bututun da ke shiga gida, wadda take riƙe kalsiyam ta saki sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, a madadinsa, ana kuma sabunta ƙarfinta da gishiri lokaci zuwa lokaci. Tana kare duk kayan gida, amma tana da tsada, tana bukatar kulawa, kuma mai hawan jini ko jaririn da ake dama wa madarar gwangwani bai kamata a ba su ruwanta ba sai da shawarar likita. Idan kun sanya ta, ku bar famfon kicin a kan ruwan da bai bi ta cikinta ba.