Ina tsoron ɗaukar ɗana

Anti, barka da aiki. Shekarata 27, matata ta haihu sati biyar da suka wuce, namiji, shi ne na fari. Gaskiya ban san komai a kan jariri ba. In aka miƙo min shi sai jikina ya ɗau rawa, musamman in na ga maɗigarsa tana motsi. Kullum da yamma sai ya yi kusan awa biyu yana tsala kuka. Shekaranjiya da dare mahaifiyarsa ta gaji har tana gyangyaɗi a zaune, na karɓe shi, na yi rarrashin duniya ya ƙi shiru, raina ya ɓaci har na ji kamar in girgiza shi. Ban yi ba, amma abin ya tsaya min a rai. Wani abokina ya ce ƙishirwa ce, in ba shi ruwa. Ita kuma ta ce in bar mata kawai tunda ban iya ba. Yaya zan yi?

Sabon uba

Ɗana, Allah ya raya mana shi. Bari in fara da abin da ya fi tayar min da hankali. Komai zafin ranka, kada ka taɓa girgiza jariri. Kansa ya yi wa wuyansa nauyi, girgiza ta 'yan daƙiƙoƙi na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko a rasa shi. Ɓacin ran da ka ji iyaye da yawa sun ji shi, mata ma haka. In ya sake zuwa, ka kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ka fita na minti goma ka sha iska. Kukan ba zai yi masa illa ba.

Shi kukan yamma kuwa, ka shigo daidai lokacinsa ne. Yakan kai ƙololuwa wajen sati shida, sannan ya ja baya zuwa wata uku ko huɗu. In ya ƙoshi, ɗora shi a kafaɗarka, tafin hannunka na tallafe da ƙeyarsa, ka riƙa shafa bayansa har ya yi gyatsa. Duba ko ya jiƙe. Wani lokaci ka cire rigarka ka kwantar da shi a ƙirjinka yana jin bugun zuciyarka, amma kana farke. Maɗigar nan da ke ba ka tsoro akwai fata mai ƙwari a kanta, shafa ta a hankali ba ya komai, kuma takan rufe wajen wata 18.

Maganar abokinka ka ajiye ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Abin da ba a jira da shi: zafin jiki da ya kai 38 kafin wata uku, ƙin kama nono, ko numfashi da ƙyar. Ko tsakar dare ne ku tafi asibiti.

Matarka kuma gajiya ce ke magana a bakinta. Ita ma ba da iyawa aka haife ta ba, yawan ɗauka ne ya koya mata. Ka same ta da rana, lokacin da hankalinta ke kwance, ka ce ta nuna maka yadda take canza masa kunzugu da yi masa wanka, sannan ka ware awa ɗaya kullum da zai zama a hannunka ita ta yi barci. A wannan awar ka kusanto da fuskarka kamar tsawon taƙi ɗaya, nan ne idonsa ya fi gani yanzu, ka yi ta yi masa hira. Tsakanin sati shida zuwa takwas jarirai ke fara mayar da murmushi, naka saura ƙiris. In ya yi maka, ka rubuto min.