Filin Girki: Amsar Tambayoyinku kan Miya da Farfesun Lokacin Sanyi

Tunda hunturu ya kama, yawancin wasiƙun da ke shigo wa wannan fili a kan abinci mai romo da ɗumi suke. Ga waɗanda muka zaɓa a wannan fitowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni amarya ce, ban daɗe da tarewa ba. Duk sanda na kaɗa miyar kuka sai ta yi gudaji, wani lokacin kuma ta yi baƙi ƙirin. Ina matsalar take? (Wata amarya daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Garin kuka da ya taɓa ruwan zafi sai bayansa ya kumbura nan take, ya kulle na ciki a bushe. Shi ya sa in aka juye cokali guda a wuri ɗaya dole a sami gudaji. Ki fara tankaɗe kukar da rariya mai laushi. Ki rage wuta har tafasar ta lafa, sannan ki riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kaɗawa da maburgi ba tsayawa. Ga romo lita 1, wato kofi 4, babban cokali 3 zuwa 4 ya isa. Ki tsaya a na uku ki jira minti 2 tukuna, don kuka tana ƙara kauri bayan an zuba ta. In gudajin ya riga ya faru kada ki zubar: ki tsame naman, ki tace miyar a rariya kina murjewa da bayan ludayi, ki mayar kan wuta.

Baƙin kuma daga abu uku yake zuwa: kanwa ta yi yawa, ko miyar ta daɗe a wuta, ko kukar tsohuwa ce ko a rana aka shanya ta. Wadda aka shanya a inuwa koriya ce shar, ita za ki nema a kasuwa. Bayan kin kaɗa, minti 5 a ƙaramar wuta ya wadatar.

Abin da ba ki tambaya ba amma ya fi waɗannan muhimmanci shi ne ruwan miyar. Kuka ita kaɗai ba ta da wani ɗanɗano mai ƙarfi, daɗinta daga romo yake. Ki ɗora nama mai ƙashi rabin kilo ko busasshen kifi, da albasa 1, attarugu 2, ɗan citta, dakakkiyar daddawa babban cokali 1, da surfaffen wake da aka daka babban cokali 2. Ki bar su su nuna sosai, aƙalla minti 30, har waken ya narke, warin ɗanyar daddawa ya kwanta. Masu cewa ba sa son daddawa, galibi wadda ba ta nuna ba suka ci. Man shanu kuwa a soya shi da albasa a zuba a kwano lokacin ci.

Tambaya: Maigidana yana son farfesun kayan ciki, amma nawa yana fitowa da ƙarni, hantar kuma ta yi tauri kamar roba. (Wata uwargida daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ƙarnin daga wanki ne, taurin hantar daga zuba komai lokaci ɗaya. Tumbi a zuba masa ruwan zafi a kankare shi da wuƙa har duhun ya fita. Hanji a juya cikinsa waje, a rage kitsen, a murje da gishiri da lemon tsami, a ɗauraye sau biyu ko uku. Daga nan ki tafasa tumbi da hanji su kaɗai na minti 5, ki zubar da wannan ruwan farko. A nan yawancin ƙarnin yake tafiya.

Sai ki ɗora sabon ruwa wanda ya sha kansu da kamar yatsu 2. Ga kilo 1 na kayan ciki: albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 4, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, attarugu 3, kanunfari ƙwaya 4 ko 5, masoro rabin ƙaramin cokali, gyaɗar miya 2 da aka gasa aka ɓare aka daka, da kimba 2. A kula da kimba: a fasa ta a zubar da 'ya'yan cikin, su ne masu ɗaci, ɓawon ake so. Kanunfari ma in ya wuce haka sai farfesun ya koma warin magani. Kumfar da ke tasowa a tafasar farko a kwashe ta da ludayi.

Tumbi da hanji suna cin awa 1 zuwa awa 1 da rabi a matsakaiciyar wuta, ya danganta da shekarun dabbar. Zuciya da huhu su shiga a tsakiya. Hanta da ƙoda sai saura minti 10 zuwa 15 a sauke, domin hanta, saɓanin sauran nama, ƙara daɗewa ƙara tauri take yi. Ganyen daddoya a yayyanka a watsa bayan an kashe wuta.

Tambaya: Yaya zan yi farfesun tarwaɗa ba tare da kifin ya dagargaje ba? (Daga Yawuri)

Amsa: Ki yanka shi da kauri, faɗin yatsu 3. Ki kwara masa ruwan zafi na minti 1 kacal. Za ki ga santsin jikinsa ya daskare ya yi fari, sai ki kankare, ki cire daskararren jinin da ke manne da ƙashin baya, ki ɗauraye da ruwan sanyi. Wannan ruwan zafin yana kuma ɗaure tsokar. Romon ki dafa shi daban da duk kayan ƙamshinsa na minti 15, ki ɗanɗana gishiri, sannan ki jera kifin a tukunya mai faɗi kada wani ya hau kan wani. Minti 12 zuwa 15 a ƙaramar wuta. Ludayi ba ya shiga tukunyar tarwaɗa: in kina son juyawa, ki kama hannuwan tukunyar da tsumma ki girgiza a hankali.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, tukunya ɗaya gare ni da ƙaramin gas, kuma ban iya tuƙa tuwo ba. Akwai abu mai romo da zan iya yi cikin rabin awa? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Akwai, Malam. Ka feraye dankalin Turawa 4 matsakaita, ka yanka kowanne gida huɗu. Ka jiƙa bandar kifi 1 a ruwan zafi na minti 5, ka wanke yashin, ka cire ƙaya. Ka soya rabin albasa a man gyaɗa babban cokali 1 har ta yi laushi, ka zuba jajjagen attarugu 1 da tumatir 2, su soyu minti 3. Sai ruwa kofi 3, dankalin, kifin, garin citta rabin ƙaramin cokali da dunƙulen ɗanɗano 1. Ka rufe na minti 15 zuwa 20. In cokali mai yatsu ya shige dankalin ba gardama, ka murƙushe yanka biyu ko uku a jikin tukunya ka juya. Su ne za su ba romon jiki. In akwai alayyafo ko zogale ka watsa, minti 3 ka sauke. Gishiri sai ka ɗanɗana tukuna, don banda da dunƙule duk suna ɗauke da nasu. Ana shan sa haka, ko da burodi.

Tambaya: Yayata ta haihu, ni nake mata farfesun kazar Hausa. Gwaggonmu ta ce in riƙa jefa kanwa don kazar ta yi saurin laushi. Ya halatta a girki? (Wata 'yar'uwa daga Katsina)

Amsa: Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Gaskiyar Gwaggo ce, kanwa tana tausasa nama da wake. Sai dai ga mai jego muna ba da shawarar a bar ta. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana sa jiki ya riƙe ruwa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. In kin ga ƙafafunta na kumbura, ko tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, asibiti za a kai ta ba tare da jira ba.

Laushin kaza kuwa lokaci yake so. Ki ɗora ta a ruwan sanyi da albasa, citta da tafarnuwa, in ta tafasa ki rage wuta ki rufe. Kazar Hausa awa 1 zuwa awa 1 da rabi, ta gidan gona minti 25 zuwa 30. Wuta mai ƙarfi ruwa kawai take ƙonewa ta bar naman da taurinsa. In ruwan ya ja baya, ruwan zafi za ki ƙara. Gishiri da dunƙule ma a sassauta mata.

Tambaya: Unguwarmu wuta ba ta zama, firij ya koma kabad. Yaya zan ajiye miya ta kwana? Kuma in gishiri ya zarce me ake yi? (Daga Kano)

Amsa: Na gishiri gajere ne: ƙari ne maganinsa. A ƙara ruwan zafi ko romon da ba gishiri, da dafaffiyar kabewa ko dankali don kada miyar ta tsinke. Jefa dankali ɗaya a tsame shi ba ya rage wani abin kirki.

Ajiya kuma, da dare ki tafasa miyar har ta yi ɓararraka na 'yan mintoci, ki rufe, kada a sake buɗewa ko a tsoma cokali, da asuba ki sake tafasawa. Wannan na kwana ɗaya ne, a lokacin sanyi. Da bazara ko hakan ba shi da tabbas. Miyar da ke da gyaɗa ko wake, kamar taushe, ita ta fi saurin juyawa. In kin buɗe kin ga kumfa ko kin ji tsamin da ba na yakuwa ba, zubarwa za ki yi, don akwai dafin da tafasa ba ta kashewa. Dabarar da ta fi ita ce ki soya jajjagen tattasai, tumatir da albasa har ruwansu ya ƙone mai ya taso sama, ki ajiye wannan, kullum ki ɗiba da busasshen cokali ki kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa daidai cin ranar. Ranar da aka samu wutar lantarki ta zauna, ki raba miya a ƙananan robobi, ki sa a firij kafin ta yi awa 2 da saukewa, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4.