In anka zo haƙar mai Sakkwato, mi za ya samu fadamarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin albasa ne a wajen Goronyo, kullum muna jin ana cewa akwai mai a ƙasar Sakkwato kuma wata rana za a zo a haƙa kamar yadda anka fara a Kolmani. Samari sai murna suke wai aiki ya zo, ni ko tsoro nika ji don na ga hotunan Neja Delta a Facebook, ruwa duk ya yi baƙi ƙirin. Mi ya kamata mu yi tun yanzu?

Mai karatu daga Goronyo

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoronka na kan hanya. Kolmani da ka ambata, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022 Buhari ya ƙaddamar da aikin, namu na nan kuwa har yanzu maganar bincike ce, wato kuna da lokaci.

Abin da ya fi shafarka ruwa ne. Wajen haƙa ana amfani da wata laka mai sinadarai, in ta fito sai a zuba ta a rami, to in ba a shimfiɗa wa ramin leda mai kauri ba damina ɗaya ta isa ta kai ta ƙasa, kai ma ka san ruwan fadama ba nisa gare shi ba, ɗan tono kaɗan ka same shi. Ga kuma ruwan gishiri da ke biyo man, albasa ba ta shiri da shi ko kaɗan. A Ogoni da ke Neja Delta, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin, wata guba da ke cikin ɗanyen mai, a rijiyoyin garin Ogale sau 900 fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), ya ce gyaran wajen zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Saboda haka ku haɗu ta ƙungiyar manoma ku sa a gwada ruwan rijiyoyinku da na bohol tun kafin mota ɗaya ta shigo, a ba ku sakamako a rubuce da kwanan wata, hakimi ya ajiye kwafi. Ranar da ruwa ya canza, in babu wannan takarda cewa za a yi dama can haka yake. Ku ɗauki hoton gonaki da abin da ke cikinsu saboda diyya.

Dokar 1992 ta tilasta a yi nazarin illa ga muhalli kafin a fara, kuma a baje rahoton jama'a su gani, kada ku bar wa 'yan boko zaman duba rahoton su kaɗai. Dokar mai ta 2021 kuma ta ce kamfani ya riƙa zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsa na bara a asusun garuruwan da yake aiki, wa zai zauna a kwamitin asusun, nan ne rigimar take. In mai ya malala, NOSDRA, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da malalar mai, ake kai wa ƙara.

Samarin da ke jiran aiki kuma a gaya musu, in suka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai kusa da rijiyar mai su bar wajen nan take su nufi inda iska ke fitowa, gas ne mai kisa, kuma in ya yi yawa hanci ma daina jin sa yake.