Tambaya da Amsa: Wace jami'a zan zaɓa?

Tambaya: Jami'o'i biyu sun ba ni gurbin digiri na uku a fannin lissafin da ke bayan kwamfuta, wato algoridim (jerin matakan da kwamfuta ke bi don warware matsala) da sauransu. Ɗaya ta yi suna sosai, ɗayar kuma ba a san ta ba amma akwai farfesan da aikinsa ya burge ni. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Amsa: Ɗan'uwa, a wannan fannin malamin da zai duba aikinka ya fi sunan makaranta muhimmanci, domin ba dakin gwaji ko manyan injina kake buƙata ba, allo ne da alli da mutumin da za ku zauna kuna warware hujja tare har shekara huɗu ko biyar, to in ba ku jitu ba ka shiga uku. Duba ko ɗalibansa na fitar da takardun bincike a manyan tarukan masana wannan fannin irin su STOC da FOCS da SODA, sannan ka tuntuɓi ɗaliban da kansu ka ji yadda yake mu'amala da su. Abu ɗaya ke ban tsoro, in shi kaɗai ne a sashen, ranar da ya koma wata jami'a fa? Ka tabbatar akwai aƙalla mutum biyu da za ka iya aiki da su. Kuma kar ka amsa sai sun rubuto maka batun kuɗin tallafi ƙarara.